Yaron da ke alkafura a kan garin katako, ina za a kai shi?

Baban Khalifa: Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ku yi haƙuri da tsawon maganata, abun ne ya hana ni barci. Jiya da yamma na biyo ta bayan kasuwar Katako a nan Jos sai na hango yara sun taru a kan wani tulin garin katako, sun binne tsohuwar taya rabi a ƙasa, sai yaro ya sheƙo da gudu ya taka ta ya tashi sama ya juya ya dira. Ina matsowa sai na ga Khalifa na ne a sama, wlh sai da gabana ya faɗi, shekararsa 9 fa. Juyi ɗaya da rabi ya yi kafin ya taɓa ƙasa. Da muka zo gida ban dake shi ba, na zaunar da shi na ce wa ya koya maka, sai ya ɗauko wayar mamansa ya nuna min bidiyon wata yarinya 'yar Aljeriya tana lilo a kan sanduna biyu, tana saki tana kamawa, ya ce Baba irin wannan wasan nake so, akwai na maza. Mamansa ta ce atafau a hana shi kafin ya karya wuya. Ni kuma zuciyata ta rabu biyu. Akwai wanda ya san kan wannan wasa a cikinmu?

Malamin Wasanni: Wa alaikumus salam Baban Khalifa. Sunan wasan jimnastik, yarinyar nan Kaylia Nemour ce, kuma abun da ka kalla ba ƙaramin abu ba ne. A gasar Olamfik ta Faris 2024 ta ci zinare a sanduna masu hawa biyu da maki 15.700, tana da shekara 17, kuma ita ce ta fara kawo wa Afirka lambar Olamfik a jimnastik tun da aka fara. 'Yar Sin, Qiu Qiyuan, ta zo ta biyu da 15.500. Maza kam suna da nasu, har ma sun fi mata yawan kaya. Mata huɗu ne: tsallen tebur, sanduna biyu, siririn katako da kuma fili. Maza shida: fili, doki (wani benci ne mai mariƙa biyu da ake juyawa a kansa da hannu), zobba, tsallen tebur, sanduna biyu na jere da doguwar sanda guda ta sama. Abun da Khalifa ke yi da taya shi ne tushen tsallen tebur, sai dai su katako ne mai sifirin suke takawa.

Abba Kubwa: Malam ka faɗi gaskiya duka mana. Yarinyar nan a Faransa aka haife ta, a Faransa ta koya, kocinta na can, kayan horonta na can. Saɓani ta samu da hukumar wasan Faransa bayan an yi mata aiki a gwiwa shi ne ta koma wa ƙasar babanta. To ina Afirka a nan? Tuta ce kawai tamu. Ni fa ban ga amfanin a sa wa yaro rai da abun da ƙasarmu ba ta da shi ba. Jos garin ƙwallo ne, nan aka haifi Mikel, nan aka haifi Ahmed Musa, ka kai shi fili ya buga ƙwallo a wuce wurin.

Malamin Wasanni: Ban musa ba Abba, haka zancen yake. Mu ma namu haka ne. Uche Eke shi ne ɗan Najeriya na farko da ya je Olamfik a jimnastik, a Tokiyo, kuma a Amurka aka haife shi, a jami'ar Michigan ya yi wasansa. Ya ci mana zinare a kan doki a gasar Afirka ta Rabat a 2019. Amma ni abun da na ɗauka daga wannan daban ne da naka. Jinin nan namu ne, jikin nan namu ne, abun da ya bambanta shi da Khalifa shi ne ɗakin horo da koci.

Anti Nas: Ni dai ina bayan Maman Khalifa, kuma ba da wasa nake ba. Shekara nawa ina aiki a ɗakin 'yan haɗari, na ga yaran da aka kawo daga irin wannan alkafurar, wani wuyan hannu, wani ƙashin kafaɗa, akwai wanda ba zan manta ba da ka ya dira, uwarsa na riƙe da ƙafarsa tana matsawa tana tambayarsa yana ji, yana cewa a'a. Garin katako yana da laushi a sama ne kawai, yara goma suka dira a kai ya danne ya zama kamar daɓe, ga ƙusa ga guntun katako a ciki. Baban Khalifa dan girman Allah kar ka bari ya koma wurin nan ko da za a ci gaba da maganar.

Ɗan Gangare: Anti gaskiyarki. Ni ma haka muka taso, a yashin masu bulo muke yi, har juyi biyu ina yi ta baya. Ranar da na karye ba wani abu mai wuya na yi ba, hannuna ne ya zame a kan taya da ruwa ya jiƙa. Aka kai ni wajen mai ɗori, har yau hannun hagun baya miƙewa daidai in sanyin Disamba ya shigo sai in dinga jin shi. Amma Anti in faɗa miki wani abu, an hana ni sau ba adadi, an dake ni, ban daina ba, ɓoyewa kawai na koma yi. Yaron da jikinsa ya ɗanɗana tashi sama ba ya bari don an ce ya bari. Da a lokacin akwai wanda ya ce min zo ga yanda ake faɗuwa, ga yanda ake dunƙule jiki, da hannuna na nan lafiya.

Kawu: Ku bari in sa baki. Mu lokacinmu sunan da muka sani a wannan wasa shi ne Nadia Comaneci 'yar Romaniya. A Olamfik ta 1976 a Montiriyal, tana da shekara 14, alƙalai suka ba ta 10 cif, allon ma bai iya nuna 10 ba sai ya rubuta 1.00 don waɗanda suka ƙera shi ba su zaci wani zai kai can ba. Sau bakwai ta samu goman nan a gasar. Kuma shekarar ce Najeriya da ƙasashen Afirka da dama suka janye daga gasar saboda maganar wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, 'yan wasanmu sun isa can aka ce su dawo. To yanzu na ji Malam na cewa 15.700, ni na ɗauka goma ce ƙarshe. Yaushe aka ƙara?

Malamin Wasanni: Allah ya ƙara girma Kawu, tambayarku ta yi kyau. Tun 2006 aka bar tsarin goma. Abun da ya ƙara ingiza shi rikicin Olamfik ta Atens ne a 2004, inda alƙalai suka yi kuskure wajen lissafin makin wani ɗan Koriya ta Kudu, Yang Tae-young, suka rage masa 0.1, Paul Hamm na Amurka ya ɗauki zinare. Yanzu maki biyu ake haɗawa. Na farko makin wahala, a mata ana ɗaukar motsi takwas mafi wuya da yarinya ta yi a tara, a ƙara mata in ta haɗa wani da wani ba tsayawa, wannan ba shi da iyaka. Na biyu makin tsafta, shi ne yake farawa daga 10 ana zaftarewa: ƙafa ta buɗe a cire, gwiwa ta lanƙwashe a cire, ka dira ka ƙara taku a cire 0.1 ko 0.3, ka faɗi gaba ɗaya maki 1 ya tafi. Shi ya sa za ku ga wani ya faɗi amma ya fi wanda bai faɗi ba, don abun da ya ɗauko tun farko ya fi nauyi.

Kawu: To ni wannan ne ban so ba. Da yarinya za ta yi abu mai kyau kamar an zana, kowa a ɗaki ya san goma ce. Yanzu kuma an ce wa yara ku ƙaro wahala ku ƙaro maki, ai tura su ake ga halaka.

Malamin Wasanni: Akwai masu ra'ayinku da yawa Kawu har cikin tsofaffin 'yan wasan. Sai dai haɗarin ya girmi sabon tsarin. Elena Mukhina ta Tarayyar Sobiyet zakarar duniya ce a 1978, ana saura makonni kaɗan Olamfik ta Mosko a 1980 aka matsa mata ta koyi wani juyi da ake dira da ka a mirgina, ƙafarta ma ba ta gama warkewa ba, ta faɗi a kan haɓa wuyanta ya karye, ba ta sake tashi ba har ta rasu a 2006. Daga baya aka haramta juyin. A Olamfik ta Sidni 2000 kuma abin da ake dafawa a yi tsalle aka saita ƙasa da santimita 5, mata suka yi ta faɗuwa kafin a gano. Santimita 5 fa, tsawon ɗan yatsa bai cika ba.

Anti Nas: To kun ji. Can da suke da komai ke nan.

Zee: Anti ni kuma abun da ya sa nake girmama Simone Biles ta Amurka ke nan. Ku tuna Tokiyo, duniya duka ta zuba mata ido, ta tashi sama a tsallen tebur sai ta rasa inda take, ƙwaƙwalwa da jiki suka daina jin juna, ba ta san sama ba ba ta san ƙasa ba. Ta ce na tsaya. Zagin da ta sha a intanet ba kaɗan ba, har a nan mutane na cewa ta gudu ta bar 'yan uwanta. Amma da ta ci gaba wa ya san ko da keken guragu za a mayar da ita gida. Ta huta, ta nemi magani, ta dawo Faris tana da shekara 27 ta ci zinare uku da azurfa ɗaya. Lambobinta na Olamfik 11 yanzu, na gasar duniya 30, 23 a ciki zinare. Mukhina ba a ba ta damar cewa a'a ba, Biles ta ce, bambancin ke nan a wurina.

Abba Kubwa: Zee duk na yarda, amma Amurka kike magana. Mu fa a Faris mutum 88 muka tura ko tagulla ba mu samo ba, har a wasannin da muka saba. Kokawa da dambe da gudu da muke da su a jini ba a riƙe su da kyau ba, sai wasan da tabarmar filinsa kaɗai mita 12 ce ta kowane gefe kuma duk sifirin ne a ƙasanta? Wa zai saya?

Zee: Yaya Abba to Filifin fa, Amurka ce? Carlos Yulo a Manila ya taso, kakansa ne ya gan shi yana alkafura a filin wasan yara ya kama hannunsa ya kai shi inda ake koyarwa yana ɗan shekara 7, daga baya ya tafi Japan horo, a Faris ya ci zinare biyu cikin kwana biyu, fili da tsallen tebur. Rebeca Andrade ta Birazil mamanta aikatau take a gidajen mutane da 'ya'ya takwas, in babu kuɗin mota yayanta ke raka ta a ƙafa zuwa wurin horo, kuma shirin kyauta ne na unguwa ta fara a ciki. Sau uku ana mata aikin jijiyar gwiwa, 2015, 2017, 2019, ta dawo ta doke Biles a fili a Faris, har Biles da Jordan Chiles suka durƙusa mata a kan dandamali, baƙaƙen mata uku a jere. Wlh ranar sai da na yi hawaye. Kakan Yulo bai tsaya jiran gwamnati ba.

Ɗan Gangare: Ita Chiles ɗin ba ƙwace tagullar aka yi ba daga baya?

Malamin Wasanni: Kotun wasanni ta ce kocinta ta makara da daƙiƙa 4 wajen kai ƙorafin maki, minti ɗaya aka ba wa mai wasan ƙarshe, sai aka mayar da lambar ga Ana Barbosu ta Romaniya. Yaran biyu duk ba su da laifi, manya ne suka ɓata lissafi.

Ustaz: Ni tambayata daban ce, kuma ba don in kashe wa kowa gwiwa ba. Na namiji kamar Khalifa ban ga matsala ba, motsa jiki abu ne mai kyau, sutura ma dogon wando suke sawa a mafi yawan kayan. Amma na ga Zee na ta kawo mata. Wane uba ne a Unguwar Rogo ko Rikkos zai bar 'yarsa ta fito da irin kayan nan gaban jama'a da kyamara? Mu faɗa wa juna gaskiya.

Zee: Malam na gode da ka faɗa a fili don ni ma abun na damuna, ina da ƙanwa 'yar shekara 7 da ke tsayuwa a kan hannu ta zagaye tsakar gida. Amma ba mu kaɗai ba ne abun ya dama. A 2021 'yan matan Jamus suka fito a gasar Turai da kaya mai rufe jiki har idon sawu, suka sake sawa a Tokiyo, suka ce sun gaji da yanda ake kallon jikinsu maimakon wasansu. Dokar wasan ta yarda da shi, ba a cire musu ko maki ɗaya ba. Na san bai kai suturar da muke so ba, kai a buɗe yake kuma yana kama jiki. Amma ko ba za ta je gasa ba, me zai hana yarinya ƙarama ta koya a ɗaki rufe, mace ce ke koya mata, iyaye mata na zaune?

Ustaz: In haka ne ban da ja. Ɗaki rufe, malama mace. Maganar gasa kuma sai ta girma a zauna da iyayenta.

Anti Nas: Wannan maganar ta iyaye su zauna a wurin ku riƙe ta da hannu biyu, har ga yara maza. Kun manta Larry Nassar? Likitan tawagar Amurka ne, shekaru yana lalata da yara da sunan magani, mata sama da 150 suka tsaya a kotu suka ba da shaida a 2018, aka yanke masa shekara 40 zuwa 175, Biles kanta tana cikin waɗanda ya cuta. Wasa ne da ake fara shi yaro na ɗan shekara 5 ko 6, koci na taɓa jikinsa kullum don ya tare shi, yaron kuma an koya masa kar ya yi musu. Duk wanda zai ce a bar masa yaro shi kaɗai a rufe ƙofa, a ɗauke yaron.

Kawu: Shi ya sa na ji daɗi da na ga yanzu manya ne ke yi. Da ƙananan yara ake kawowa.

Malamin Wasanni: Haka ne Kawu, tun 1997 sai mace ta kai 16 a shekarar gasar. Har Sin an ƙwace mata tagullar Sidni bayan shekara goma da aka gano ɗaya daga cikin yaran ba ta kai ba. Ga Oksana Chusovitina ta Uzbekistan, Olamfik takwas ta je daga 1992, ta ƙarshe tana da shekara 46.
Bari in dawo kan Khalifa don kar mu yi nisa. Baban Khalifa, ni ba kocin duniya ba ne, malamin makaranta ne da ya yi kwas ɗin wasanni, kuma a makarantar da nake katifun wasanmu guda biyu ne duk sun yage, na rubuta takarda har na gaji. Ba zan ce maka zan kai ɗanka Olamfik ba. Babban abun da muke rasawa shi ne ramin soso, rami ne mai zurfi a cika shi da guntayen soso, a ciki ake koyon duk wani juyi mai haɗari sau ɗaruruwa kafin a kai shi kan ƙasa. Yaranmu kuwa daga ƙarshe suke farawa, su yi juyi biyu alhali ba su iya tsayuwa a kan hannu na minti ɗaya ba. Abun da zan iya shi ne in mayar da shi farko: adungure gaba da baya, tsayuwar hannu a jikin bango, miƙa jijiya, ƙarfin ciki da kafaɗa, dira da gwiwa a lanƙwashe, da yanda ake faɗuwa ba a kai hannu baya ba. Wata shida ba alkafura ko ɗaya. In ya jure wannan to da gaske yake, sai mu nemi hanyar tawagar jiha da gasar yara ta ƙasa.

Abba Kubwa: Malam in dai haka ne na sauko kaɗan. Har yanzu ban yarda za mu ga ɗan Jos a Olamfik a wannan wasan ba, amma in yaro zai koyi faɗuwa lafiya ai ko ƙwallon ya koma zai amfane shi. Ina da aboki mai ɗinkin kushin a Dei-Dei, guntayen soso buhu-buhu suke tarawa, zan tambaye shi nawa zai bar mana.

Anti Nas: Ni sharaɗina ɗaya, babu taya, babu garin katako, kuma in ya ce wuyansa ko bayansa na ciwo a tsaya a ranar a kawo min shi in duba.

Ɗan Gangare: Malam in kana buƙatar mai tare yara ina nan, Asabar ba na fita aiki sai azahar. Yaran bayan Katakon nan ma na san wasu daga cikinsu, ba Khalifa kaɗai ba ne, akwai wani ɗan siriri da ya fi su duka.

Baban Khalifa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Na karanta wa mamansa duka tun daga farko, wurin Mukhina ta sa na tsaya ta yi shiru. Ta ce ba ta ce e ba tukuna, sai ta zo da kanta ta ga wurin ta ga katifun, kuma ita za ta dinga zama har a tashi. Muna da tsohuwar katifa mai kauri a ɗakin baƙi zan ɗauko a Keke. Malam ƙarfe nawa ranar Asabar?

Malamin Wasanni: Takwas, in rana ta ɗan fito, da sanyin safiya jiki ba ya miƙuwa. Ya sa gajeren wando da riga mara maɓalli, kar ya ci abu mai nauyi.

Zee: Malam ƙanwata fa? Akwai macen da ka sani da za ta iya koya musu, ko ni in zo in fara koya a wurinka in dinga nuna mata a gida?